Haɗin Gwiwa da Gwamnatoci a Kan Haƙƙin Yara a Duniya: Tsarin Aikin da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Ranar 20 ga Nuwamba, 1989, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Satumba, 1990. Ƙasashe 196 ne suka shiga cikinta, kuma babu wata yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam da ta sami karɓuwa irin wannan. Amurka kaɗai ta rage daga cikin membobin Majalisar, domin ta sa hannu a 1995 amma ba ta tabbatar da ita ba. Sai dai amincewar gwamnati a zauren taro ba ta kai yaro makaranta, ba ta kuma ɗiga masa rigakafi. Tsakanin sa hannu da aiwatarwa akwai doguwar tafiya, wadda ma'aikatan ƙungiyoyin duniya da jami'an gwamnatoci suke yi tare.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan aiki yake gudana, watau yadda ake ƙulla haɗin gwiwa da gwamnatoci, da kuma yadda ake jan hankalinsu su cika alkawuran da suka ɗauka. Daga nan za a duba rawar da harshe yake takawa, musamman matsalolin da mai fassara yake cin karo da su idan ya zo mayar da muhimman kalmomin yarjejeniyar zuwa Hausa. Ra'ayin da maƙalar ta ginu a kai shi ne, zaɓen kalma yana daga cikin abubuwan da suke sa al'umma ta karɓi irin waɗannan dokoki ko ta juya musu baya, don haka masana harshe suna da ruwa da tsaki a cikin al'amarin.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin a rubuta haƙƙin yara a takardar da ƙasashe za su amince da ita ya samo asali ne daga halin yunwa da yaran Turai suka shiga bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1919 wata Baturiyar Ingila, Eglantyne Jebb, tare da 'yar'uwarta Dorothy Buxton, suka kafa ƙungiyar Save the Children. Ita Jebb ce ta tsara wata gajeriyar sanarwa mai ƙa'idoji biyar, wadda majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, watau wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a Janeba a 1924. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 11 ga Disamba, 1946, aka kafa asusun UNICEF domin agajin gaggawa ga yaran ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, sannan a 1953 aka mayar da shi hukuma ta dindindin. A 1959 kuma Majalisar ta fitar da sabuwar sanarwa mai ƙa'idoji goma.

Duk waɗannan sanarwoyi nasiha ce kawai, ba su ɗora wa kowace ƙasa nauyin shari'a ba. A 1978 ƙasar Folan ta gabatar da shawarar a yi yarjejeniya mai ƙarfin doka, aka kuma fara aikin rubuta ta a 1979, shekarar da aka keɓe wa yara a duniya, a ƙarƙashin jagorancin masanin shari'a Adam Lopatka. Shekara goma aka yi ana tattaunawa a kan sassanta 54, kuma mafi yawan jayayyar a kan kalmomi aka yi ta. Alal misali, sashe na 1 ya faɗi inda yarinta ta ƙare, amma da gangan ya yi shiru a kan inda ta fara, saboda ƙasashe sun kasa daidaitawa a kan matsayin ɗan da ke cikin ciki. Haka kuma sashe na 20 ya ambaci kafala da sunanta na Larabci a cikin hanyoyin riƙon yaron da ya rasa iyali, domin shari'ar Musulunci ba ta yarda da irin riƙon da yake canja nasabar yaro ba. Wannan yana nuna cewa tun a teburin rubutu an fahimci cewa karɓuwar yarjejeniyar ta dogara ga yadda kowace al'umma za ta ga kanta a cikin lafazinta.

Nahiyar Afirka ta yi tata yarjejeniyar. A watan Yuli na 1990, a Adis Ababa, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da Yarjejeniyar Afirka Kan Haƙƙi da Walwalar Yara, wadda ta fara aiki a 1999. Ta bambanta da ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fuskoki da dama. Ta ƙayyade shekara 18 a matsayin iyakar yarinta ba tare da togaciya ba, ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, sannan a sashe na 31 ta lissafa nauyin da yake kan yaro game da iyayensa da al'ummarsa da ƙasarsa.

3.0 Yadda Haɗin Gwiwar Yake Gudana

Ƙa'idar farko da ya kamata a fahimta ita ce, gwamnati ce ta ɗauki alkawari, don haka ita ce mai nauyin cika shi. Ƙungiyar duniya baƙuwa ce a kowace ƙasa, tana aiki ne da izinin masu gida. Sashe na 4 ya wajabta wa ƙasashe su ɗauki matakan doka da na mulki, su kuma yi amfani da iyakar dukiyar da suke da ita, tare da neman taimakon ƙasashen duniya inda ya zama dole. Sashe na 45 kuwa ya ambaci UNICEF da suna a cikin hukumomin da za su taimaka wajen aiwatarwa. Ana iya kasa haɗin gwiwar gida uku.

Na farko shi ne hulɗa da gwamnatoci masu ba da kuɗi. UNICEF ba ta da kaso daga kuɗin da ake yanka wa ƙasashe su biya Majalisar Ɗinkin Duniya. Gudummawar ganin dama ce take riƙe da ita, daga gwamnatoci da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane. Saboda haka akwai ma'aikata na musamman da aikinsu shi ne su riƙa tuntuɓar ma'aikatun harkokin waje da majalisun dokoki na ƙasashe masu arziki, suna bayyana musu inda kuɗi ya shiga da abin da ya haifar. Wata matsala da ta daɗe a nan ita ce, masu bayarwa sun fi son su ɗaure kuɗinsu ga wani aiki ko wata ƙasa da suka zaɓa, abin da yakan bar wasu buƙatu masu tsanani babu mai kula da su.

Na biyu shi ne hulɗa da gwamnatin ƙasar da ake aiki a cikinta. Akan fara da yarjejeniyar tushe wadda ta fayyace matsayin hukumar da ma'aikatanta. Daga nan sai a nazarci halin da yara suke ciki, a tsara shiri na kimanin shekara biyar tare da ma'aikatun lafiya da ilimi da ruwa da shari'a, sannan a kai shi gaban kwamitin zartarwa na hukumar, mai wakilan ƙasashe 36, domin amincewa. Alƙaluman da ake dogara da su sukan fito ne daga binciken gida-gida, wanda hukumomin ƙididdiga na ƙasashen da kansu suke gudanarwa, domin gwamnati ta fi saurin karɓar alƙaluman da jami'anta suka tattara.

Na uku shi ne tsarin bin diddigi. Sashe na 44 ya wajabta wa kowace ƙasa ta miƙa rahoto shekara biyu bayan shigarta, daga nan kuma duk bayan shekara biyar, ga wani kwamitin ƙwararru mai zama a Janeba, wanda ya fara da mutum goma, daga baya aka ƙara shi zuwa 18. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna da damar aika nasu rahoton. Kwamitin ba kotu ba ne, ba ya iya hukunta kowa. Abin da yake yi shi ne ya yi wa wakilan gwamnati tambayoyi a bainar jama'a, ya kuma rubuta shawarwari, waɗanda masu fafutuka a cikin gida suke riƙewa suna tunatar da hukuma.

4.0 Dabarun Jan Hankalin Gwamnatoci

Tun da babu sandar tilastawa, makamin da ya rage shi ne lallashi da hujja. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne James Grant, shugaban UNICEF daga 1980 zuwa rasuwarsa a 1995. A 1982 ya fito da shirin rage mutuwar ƙananan yara ta hanyoyi huɗu masu arha: awon girman yaro, da ruwan gishiri da sukari domin gudawa, da shayar da nonon uwa, da allurar rigakafi. Dabararsa ita ce ya tafi kai tsaye wurin shugaban ƙasa, ya nuna masa cewa aikin mai yiwuwa ne, kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai jawo masa farin jini. A 1985 an shawo kan gwamnatin Salbado da 'yan tawayenta suka tsagaita wuta na wasu ranaku domin a yi wa yara rigakafi. A 1989 kuma aka cimma irin wannan fahimta a Sudan, aka buɗe hanyar kai agaji kudancin ƙasar. Ƙoƙarin ya kai ƙololuwa a taron shugabannin duniya kan yara a Niyok, ranakun 29 da 30 ga Satumba, 1990, inda shugabannin ƙasashe da na gwamnatoci 71 suka hallara.

Wata dabarar ita ce tara hujja har ta zama ba a iya kawar da kai daga gare ta. Rahoton da Graça Machel ta gabatar a 1996 a kan tasirin yaƙi ga yara shi ne ya kai ga kafa ofishin wakili na musamman kan wannan batu a 1997. A 2000 aka yi ƙarin yarjejeniya wadda ta ɗaga shekarun tilasta shiga soja zuwa 18, alhali sashe na 38 na asali ya tsaya a kan 15. A 2005 kuma Kwamitin Sulhu ya kafa tsarin sa ido da kai rahoto a kan cin zarafin yara a fagen yaƙi.

Akwai wani tsaka-mai-wuya da ma'aikacin wannan fanni ba ya rabuwa da shi. Gwamnatin da yake buƙatar izininta ya kai magani ƙauye, sau da yawa ita ce wadda ya kamata ya faɗa wa laifinta. Idan ya yi magana a fili, ana iya rufe masa ƙofa, yaran da yake taimako su cutu. Idan ya yi shiru, ya zama abokin tarayya a cikin ɓarna. Saboda haka akan fara da magana a asirce, a keɓe fallasa sai inda lallashi ya ƙi ci. A nan ma gwanintar sarrafa harshe ita ce jarin ma'aikaci.

5.0 Darasi Daga Nijeriya

Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta Afirka kuma a 2001. Amma sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. An yi haka a 2003 da Dokar Haƙƙin Yara. Sai dai tun da sha'anin yara ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya ta keɓanta da su, dokar ta tsaya ne a Babban Birnin Tarayya, ya rage wa kowace jiha ta yi tata. Wasu jihohi sun yi cikin 'yan shekaru, wasu kuwa sai da aka yi kusan shekara ashirin ana kai-kawo, musamman a kan shekarun aure da ikon iyaye. Jihar Kano sai a 2023 ta sami tata dokar. Abin lura ga masanin harshe shi ne, jihohi da dama na Arewa, har da Kano, sun kira dokarsu ta kare yara, suka kauce wa sunan da tarayya ta sa wa tata.

Misali na biyu shi ne rigakafin shan-inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin yana ɗauke da abin da yake hana haihuwa, har wasu jihohi suka dakatar da shirin. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an gwada maganin an kuma samo shi daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara al'amari daga baya shi ne faɗaɗa haɗin gwiwar ya haɗa da sarakuna, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida suna bayani da harshen da matan gida suke ji. Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

6.0 Matsalolin Fassara

Sashe na 54 ya ce matanin yarjejeniyar na asali yana cikin harsuna shida: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Sashe na 42 kuwa ya wajabta wa ƙasashe su sanar da manya da yara abin da ta ƙunsa. A ƙasa mai ɗaruruwan harsuna irin tamu, ba yadda za a cika wannan sharaɗi sai ta hanyar fassara. Ga kalmomi huɗu da suke buƙatar natsuwa.

6.1 Haƙƙi da 'Yanci

Kafofin watsa labarai sukan yi amfani da "haƙƙin yara" da "'yancin yara" kamar ma'anarsu ɗaya. A gaskiya akwai tazara a tsakaninsu. Kalmar 'yanci ta fito ne daga 'ya'ya, watau matsayin ɗa wanda ba bawa ba, ita ce kuma muke amfani da ita idan muna maganar fitar ƙasa daga mulkin mallaka. Magidancin da ya ji an ce a ba ɗansa 'yanci, abin da zai fara zuwa masa shi ne ana so yaron ya fita daga ƙarƙashin ikonsa. Haƙƙi kuwa ararriyar kalma ce daga Larabci, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin haƙƙin maƙwabci da haƙƙin iyaye da haƙƙin 'ya'ya a kan iyayensu, irin su raɗa suna mai kyau da ciyarwa da ilmantarwa. Kalmar tana ɗauke da ma'anar abin da za a tambayi mutum a kansa idan ya tauye shi. Saboda haka haƙƙi ya fi dacewa a matsayin kalmar gaba ɗaya, a bar 'yanci ga wurare irin su faɗar ra'ayi da yin taro.

6.2 Yaro

A yarjejeniyar, yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. A Hausa kuwa balaga da aure su ne iyaka. Yarinya mai shekara 16 budurwa ce, idan ta yi aure kuma matar aure ce. Ta wani ɓangaren kuma, mutum mai shekara 40 yana iya zama yaron wani a kasuwa ko a fada. Har ila yau akwai bambanci tsakanin ɗa, wanda yake nuna dangantaka, da yaro, wanda yake nuna ƙarancin shekaru, kamar yadda Yarabanci ya bambanta ọmọ da ọmọdé, Ibo kuma ya bambanta nwa da nwata. Bugu da ƙari, yaro kalma ce ta namiji, alhali dokar ta shafi jinsi biyu. Mafita ita ce a yi amfani da jam'i, watau yara, inda zai yiwu, a kuma bayyana tun a farkon matani cewa ma'anar da ake nufi ta doka ce mai iyakar shekaru.

6.3 Abin da Ya Fi Amfanar Yaro

Sashe na 3 ya ce a duk hukuncin da ya shafi yaro, a sa abin da ya fi zama alheri gare shi a sahun gaba. Idan aka bi Ingilishi kalma da kalma, ana iya faɗawa cikin "abin da yaro yake sha'awa" ko "son ran yaro", wanda kuskure ne babba, domin yaro yana iya son abin da zai cuce shi. Kalmar maslaha, wadda alƙalai da malaman fiƙihu suka saba da ita a shari'ar renon yara bayan rabuwar aure, ta fi kusa da manufar.

6.4 Sunan Aikin Kansa

Kalma guda ta Ingilishi da ake kiran wannan aiki da ita ba ta da takwara guda a Hausa. Fafutuka da gwagwarmaya suna nuna ja-in-ja da hukuma. Yekuwa da wayar da kai suna fuskantar jama'a ne. Kamun ƙafa yana nuna neman alfarma ta bayan fage, har yakan ɗauki ma'ana maras kyau. Ban-baki kuwa lallashin wanda ya yi fushi ne. Wajibi ne mai fassara ya duba wanda ake magana da shi da irin dangantakar da take tsakani kafin ya zaɓa. Ma'aikacin da ya gaya wa kwamishina cewa ya zo yin gwagwarmaya ya ɓata tafiyarsa tun daga bakin ƙofa.

7.0 Harshe a Matsayin Haƙƙi

Yarjejeniyar ta ɗauki harshe kansa a matsayin haƙƙin yaro. Sashe na 30 ya hana a tauye wa yaran ƙananan ƙabilu damar amfani da harshensu. Sashe na 29 ya sa girmama harshen yaro a cikin manufofin ilimi. Sashe na 17 ya nemi kafofin watsa labarai su kula da buƙatun harshe na irin waɗannan yara. Sashe na 40 kuma ya ba yaron da ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Ko sashe na 12, wanda ya ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, ba zai yi ma'ana ba idan da harshen da bai iya ba ake tambayarsa. Nijeriya tana da gogewa a nan, domin gwajin koyarwa da Yarabanci na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa koyo da harshen uwa bai hana yara ƙwarewa a Ingilishi ba. Ya kamata Hausa ma ta yi hattara, domin a wurare da yawa na Arewa ita ce babban harshen da yake danne ƙanana, kuma fassara zuwa Hausa kaɗai ba ta sauke nauyin yaron da harshensa na gida daban ne ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa aikin kare haƙƙin yara a duniya ya ginu ne a kan alkawarin gwamnatoci, da kuɗin gudummawa, da rahotanni, da lallashi, kuma kowane ɗaya daga cikinsu da harshe ake gudanar da shi. Daga abin da ya gabata ana iya ba da shawarwari uku. Na farko, sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su haɗa kai da masana shari'a da malaman addini su tsara ƙamus na kalmomin haƙƙin yara, kamar yadda aka yi ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Na biyu, a riƙa gwada kowace fassara a kan iyaye da yara kafin a buga ta, a ji abin da suka fahimta daga gare ta. Na uku, ƙungiyoyin duniya da ma'aikatun gwamnati su sa masu fassara a cikin shiri tun daga farkonsa, su daina neman su bayan an gama komai. Ana fata masu nazari za su ɗora a kan wannan, musamman ta hanyar kwatanta yadda aka fassara waɗannan kalmomi a Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauran harsunan ƙasar nan.